Ma'aikatana sun yi shiru: raini ne ko gajiya?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni shugaban wani sashe ne a wurin aikinmu. A da mutum goma sha ɗaya ne a ƙarƙashina, yanzu saura tara. Wata takwas da suka wuce aka ɗora mana wani babban aiki, aka ce wata uku zai ɗauka. Har yau ba mu sauke shi ba, ga kuma aikinmu na yau da kullum yana nan daram. A tsakanin nan mutum biyu suka ajiye aiki, ba a kawo madadinsu ba. Da farko kowa ya zage damtse, har dare muke kaiwa, ba mai ƙorafi. Yanzu kuwa in na kira taro sai in yi ta magana ni kaɗai. Wata ma'aikaciya da na fi dogara da ita, wadda ita ce ke kama kuskuren kowa, sau biyu ke nan tana miƙo rahoto da lissafi a karkace. Da na yi mata magana sai ta ce "to, za a gyara", ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Wasu biyu sun yi cacar baki a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Na shirya musu ɗan taron shaƙatawa ranar Asabar, mutum huɗu kawai suka zo. Na tambaye su ko akwai matsala, kowa ya ce ba komai. Ni ne farkon zuwa, ni ne ƙarshen tashi, ban taɓa sa su abin da ban yi ba. Ogana ya ce na yi musu sake da yawa, in ja musu kunne. Na riga na rubuta takardun gargaɗi guda uku, amma hannuna ya yi nauyi. Raini ne ya shigo, ko lalaci? Yaya zan yi?

Daga wani shugaban sashe.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam.

Takardun nan uku, ka mayar da su aljihun tebur ka kulle. Ban ce ka yaga ba, wataƙila akwai ranar da ɗaya daga ciki za ta yi amfani, zan kuma zo kan wannan. Amma ba wannan makon ba. Nauyin da hannunka ya yi ya fi oganka gaskiya.

Raini yana da kamanninsa. Mai raina ka yana da ƙarfin yi maka gardama a gaban jama'a, yana da ƙarfin zaunar da mutane ya yi da kai bayan ka ba da baya, yakan ma zo taro da wuri don kada wani kuskurenka ya wuce shi. Duk abin da ka lissafa mini babu irin wannan ƙarfin a ciki. Mutum tara kuma ba sa haɗa baki su lalace rana ɗaya. Ka yi lissafin da kanka: kayan mutum goma sha ɗaya, an ɗora wani babban kaya a kai, sannan aka janye kawuna biyu daga ƙarƙashi. Da a ce har yanzu suna tafe suna raha kamar watan farko, da shi ne abin mamaki.

Kuma ba nauyin ne kaɗai ya kayar da su ba. An ce musu wata uku. Ɗan Adam yana iya jure wahala mai tsanani in ya san ranar ƙarewarta. Yakan auna ƙarfinsa da nisan tafiyar, ya ce wa iyalinsa a ƙara haƙuri, saura kaza. Mutanenka sun kashe ƙarfin da suka tanadar wa wata uku, sannan aka shiga na huɗu, na biyar, har na takwas, ba wanda ya tsaya a gabansu ya ce ga abin da ya faru, ga kuma sabuwar rana. Ina kyautata zaton kai ma ba ka san ranar ba. To su sun lura ba ka sani ba.

Shirun nan na taro shi ya fi tsaya mini a rai, don shi ne shugabanni suka fi yi wa mummunar fassara. Wani ya ɗauke shi biyayya ya ji daɗi, wani kamar kai ya ɗauke shi raini ya ji haushi. Ma'aikacin da ke ja da kai a taro, yana cewa wannan hanyar ba za ta ɓulle ba, mutum ne da har yanzu yake ganin bakinsa zai iya canja wani abu. Ranar da ya daina, ba wai ya gamsu ba ne, ya dai auna ya ga maganar ma aiki ce, shi kuwa ba shi da sauran abin kashewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan gajiya mai cin rai a cikin kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa idan matsin lamba ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ta ba shi alamomi uku: ƙarewar kuzari, sai zuciyar mutum ta yi nesa da aikinsa har ya fara jin ko oho, sai kuma hannunsa ya daina kyau a aikin. Ka sake karanta wasiƙarka. "To, za a gyara" ita ce ta biyun, lissafin da ya karkace shi ne na ukun. Ta farkon ce kaɗai ba ka gani ba, don a gida ake ganinta.

Ka ce ka tambaye su, sun ce ba komai. Me kake so su ce? Ka tambaya a gaban kowa. Kai ne mai sa hannu a takardar ƙarin girma. Kai ne kuma farkon zuwa, ƙarshen tashi. Ka faɗi wannan a matsayin hujjar cewa kana da adalci, na kuma yarda da niyyarka, amma ka tsaya a wurinsu ka kalle shi. Wa zai buɗe baki ya ce wa mutumin da ya fi shi daɗewa a ofis "na gaji"? Wa zai ɗauki jakarsa ƙarfe biyar ya wuce ta gaban ƙofarka fitila tana kunne? Zamanka na dare ya zama doka wadda ba a rubuta ba, kuma ta fi rubutattun ƙarfi. Ba komai ɗin da suka ce maka gaisuwa ce kawai. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Akwai wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, da ta bibiyi rukunonin ma'aikatan asibiti a shekarun 1990. Ta zaci rukunin da ke da shugabanci mai kyau zai fi ƙarancin kuskuren magani a rubuce. Sai ta tarar da akasin haka: su ne suka fi yawan kuskure a takarda, domin su ne ba sa tsoron faɗa in sun yi. Sauran suna yi suna binnewa. Na kawo maka wannan ne saboda takardun gargaɗinka. Ranar da ka miƙa su, kurakuran sashenka ba za su ragu ba, kunnenka ne zai daina jin labarinsu, sai sun girma sun fashe a hannun wanda ya fi ka.

Yanzu batun baiwar Allahn nan da ka fi dogara da ita. Tun a 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan masu aikin sa kai a wani ƙaramin asibitin kyauta da shi ma yake aiki a ciki. Ya lura cewa waɗanda gajiyar nan ta fi kayarwa su ne mafiya himma da sadaukarwa, ba 'yan a-bi-yarima ba. Dalilin a fili yake, kuma mu shugabanni ne muke aikata shi da hannunmu. Aiki mai wuya ya taso, ka duba mutanenka, ka ce wa zan ba wanda ba zai ba ni kunya ba? Ita. Na gaggawa ya taso, wa ba ya cewa a'a? Ita. Mutum biyu sun tafi, wa ya san aikinsu? Ita. Ladan iya aiki ya zama ƙarin aiki. Ka zauna da alƙalami ka rubuta duk abin da ya bi ta teburinta a watan jiya, har da duba aikin wasu da take yi wanda ba a rubuce yake a ko'ina ba. Ina jin kafin ka kai ƙarshen shafin kunya za ta kama ka.

Kuskuren lissafin nata ba alamar ta daina kula ba ne. Ƙwaƙwalwar da ba ta samun barci haka take yi. A 1997 wasu masu bincike a Ostireliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, suka gwada mutanen da aka hana barci da mutanen da aka ba barasa. Wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa sun yi ƙasa kamar mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini, wato iyakar da ƙasashe da dama suka haramta tuƙi a kanta. Wanda ya farka shida na safe, ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya kai wannan matakin, kuma a irin wannan lokacin ne ake ƙarasa rahotannin da kake karɓa da safe. Wani binciken na jami'ar Pennsylvania a 2003 ya fi wannan tayar da hankali. An taƙaita wa mutane barci zuwa awa shida a kowane dare har kwana 14. A ƙarshe aikin ƙwaƙwalwarsu ya koma kamar na wanda ya yi dare guda cur bai runtsa ba, masu awa huɗu kuwa kamar dare biyu. Amma da ake tambayarsu, sai su ce ɗan barci-barci ne kawai suke ji, sun ma saba. Jikinsu yana ta gangarawa, su kuwa suna ganin suna nan yadda suke. Ke nan ko da ta so gaya maka gaskiya, mai yiwuwa ita kanta ba ta san iyakar inda abin ya kai ba. In ka ba ta takardar gargaɗi, saƙon da za ta karanta shi ne wata takwas na wahalarta ba su kai nauyin shafi biyu na kuskure ba. Irinta ba sa rigima. Za ta karɓa, ta ce to, bayan wata biyu ta kawo maka tata takardar.

Af, su biyun da suka tafi, ka tambaye su dalili? Ba dalilin da suka rubuta ba, na ainihin. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. In akwai wanda kuke ɗasawa a cikinsu, ka kira shi. Yanzu ba ya tsoron ka, zai gaya maka abin da taran nan ba za su iya ba.

Taron Asabar kuwa, Malam, ka yafe mini in na yi murmushi. Mutane suna kukan ba su da lokacin kansu, ka ɗauki rana ɗaya tilo da ta rage musu ka ce su zo su shaƙata da mutanen da suka wuni suna kallo duk mako, a gaban shugabansu. Huɗun da suka zo ma sun yi maka kara. Wannan ita ce cutar da ta fi kama shugabanni masu kirki: da sun ga an gaji sai su tambayi kansu me zan ƙara musu. Taro, jawabin ƙarfafa gwiwa, horo kan sarrafa lokaci, ɗan alawus. Alhali tambayar da mai kaya a ka yake so a yi ita ce me za a sauke.

Kafin saukewa, ka gani da idonka. Ba sai ka zama ɗan leƙen asiri ba, shaidar tana hannunka tuntuni. Duba lokutan da saƙonnin aiki ke shigowa, ka ga wa ke turo abu tsakar dare. Duba rajistar hutu, ka ga wa ke da kwanakin da bai ci ba tun bara. Lura da aikin da ake yi sau biyu saboda na farkon bai yi ba. In irinsa ya yawaita, to awannin da ake ƙarawa gyaran ɓarnar awannin jiya suke yi. Kada hankalinka ya tsaya kan masu cewa ba su da lafiya su zauna a gida, wanda ya zo da zazzaɓi ya zauna yana kallon kwamfuta ya fi su zama abin damuwa. Ka kuma gwada mutum da kansa na bara, ba da na kusa da shi ba. Mai surutu da ya yi tsit, mai haƙuri da ya fara tsawa, mai tambaya da ya koma "duk yadda ka ce". Gajiyar jiki zalla ana gane ta da sauƙi: a ba mutum kwana biyu ya yi barci, ya dawo garau. In ya dawo daga hutun ƙarshen mako kamar bai je ba, to ta wuce jiki.

Daga nan ka gan su ɗaya bayan ɗaya, minti ashirin ya isa, a cikin lokacin aiki. Kada ka kira su ofishinka ka zauna a bayan tebur, wannan zaman tuhuma ne. Kai za ka fara, kuma da naka laifin: "An ce mana wata uku, ga shi muna wata na takwas, mutum biyu sun tafi ban samo muku madadi ba, na kuma bar ku kuna ɗauka ban ce komai ba. Wannan nawa ne." Sannan kada ka ce "akwai matsala?", ka riga ka san amsarta. Ka yi tambayar da ba a amsa ta da ba komai. Ƙarfe nawa ka bar aiki jiya? Wane aiki kake yi wanda in an daina shi gobe ba wanda zai ji a jikinsa? Me ya fi cin lokacinka wanda ba naka ba ne? Me nake yi da ke ƙara maka wahala? Ka tambaya ka rufe bakinka. Shirun zai yi tsawo, zai dame ka, za ka so ka cike shi da bayanin irin matsin da kai ma kake sha daga sama. Ka daure. Gaskiyar takan fito ne bayan shirun, sau da yawa ma sai mutum ya miƙe zai fita.

Sharaɗi ɗaya: kada ka fara wannan zagaye sai ka shirya canja wani abu da ido zai gani a cikin mako guda. Tambayar da ba aiki a bayanta ta fi rashin tambaya muni, don ta tabbatar musu cewa ka ji, ka sani, ka kuma bar shi haka.

Abin da za ka iya saukewa da ikonka ya fi yadda kake zato. Kowane sashe yana da rahoton da ake haɗawa duk mako saboda wani shugaba da ya tafi tuntuni ya taɓa nema. Yana da taron da ake tara mutum tara don maganar da ta shafi uku. Yana da aikin da ake gogewa har ya yi ƙyalli alhali wanda zai karɓa kallo ɗaya zai yi masa. Ka soke abin da za ka iya sokewa, ka faɗa a fili cewa an soke, ba ka yi shiru ka bar mai tsoro ya ci gaba da yi a ɓoye ba. Ka kuma jera musu abin da ya rage: wannan ne na ɗaya, wannan na biyu, wannan kuwa in ya makara ni zan amsa. Shugaban da ya ce komai na gaggawa ne ya tura wa na ƙasa da shi aikin zaɓe, tare da laifin duk abin da aka bari.

Saƙon dare ka daina. Na san za ka ce kana rubuta "ba sai ka amsa yanzu ba". Ba ya aiki. Wayar ta riga ta yi ƙara, sunanka ya riga ya fito, mutumin ya riga ya dawo ofis a zuciyarsa yana zaune a tsakiyar iyalinsa. Faransa sai da ta kai ga yin doka a kan wannan, wadda ta fara aiki a Janairun 2017, ta tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin rabuwa da saƙonnin aiki bayan an tashi. Dokar Tarayyar Turai kuma ta tanadi hutun awa 11 a jere tsakanin tashi daga aiki da komawa. Ba ka bukatar majalisa kafin ka ɗauki wannan ma'aunin a sashenka. In tunani ya zo maka da dare, rubuta ka ajiye, ko ka saita shi ya tafi da safe. Sannan aƙalla kwana uku a mako ka tashi a kan lokaci, ka bi ta gabansu, ka yi sallama da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Hutu kuma ka tsara shi bi da bi, ka fara da baiwar Allahn nan da ka fi dogara da ita. Amma hutun gaske, wanda wani zai riƙe aikinta, ba wanda za ta dawo ta tarar da tulin mako biyu yana jiranta ba, ba kuma wanda za a riƙa kiranta "minti ɗaya kawai" ba. Kada dai ka ɗora wa hutu abin da ba zai iya ba. Bincike da dama sun nuna daɗinsa yakan gushe cikin 'yan makonni in mutum ya koma cikin yanayin da ya baro.

Wanda ya fi wuya shi ne oganka, kuma nan ne ainihin aikinka yake. Matsayinka na tsakiya ne: ba kai ka yanke wa'adin ba, ba kai ka hana ɗaukar ma'aikata ba, amma fuskarka suke gani. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. In ka je wurinsa ka ce "mutanena sun gaji", zai ce kowa ma ya gaji, ya ƙara tabbatar wa kansa cewa kana da sanyi. Ka je masa da takarda. Ga ayyukan da ke kanmu, ga awannin da kowanne ke ci, ga hannun da muke da shi, ga yawan aikin da muka sake yi a wata biyun nan saboda kuskure. Sannan ka ajiye masa zaɓi: ko a ɗage wa'adi zuwa rana kaza, ko a rage faɗin aikin, ko a ɗauke mana kaza da kaza zuwa wani sashe, ko a cike gurbin nan biyu. Wanne kake so? Ka bar shi ya zaɓa, amma kada ka yarda da "duka, a haka". Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ma ya amince da ɗaukar sababbi, ka sani watannin farko nauyi za su ƙara, don tsofaffin ne za su koya musu. Ka sa wannan a lissafin wa'adin.

In ya ce a ƙara awanni kawai, akwai abin da za ka gaya masa da harshen da yake ji, wato harshen riba. John Pencavel, masanin tattalin arziki a jami'ar Stanford, ya koma kan bayanan da aka tattara a masana'antun harsasai na Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ake sa ma'aikata, galibinsu mata, dogon aiki saboda yaƙi. A nazarin da ya fitar a 2014 ya nuna cewa har zuwa kusan awa 49 a mako, ƙarin lokaci yana kawo ƙarin aiki daidai gwargwado. Daga nan sai amfanin ya fara raguwa, har ta kai abin da ake samarwa a awa 70 bai fi na awa 56 da wani abin kirki ba. Makon da aka hana su ranar hutu ma aikin ƙasa ya yi. Wannan fa aikin hannu ne da ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, a lokacin da ƙasa ke neman kowane harsashi ruwa a jallo. Ina ga aikin lissafi da tunani?

Cacar bakin nan ta mutum biyu, kada ka tsaya kan abin da suka ce ya haɗa su. Christina Maslach ta jami'ar California a Berkeley, wadda ta shafe shekaru tana nazarin matsalar gajiyar aiki, ita da abokin aikinta Michael Leiter sun nuna cewa yawan aiki ɗaya ne kawai daga cikin abubuwa shida da ke ƙarar da ma'aikaci. Sauran su ne rashin ta cewa a kan yadda zai yi aikinsa, rashin sakamako ko yabo, lalacewar zumunci tsakanin abokan aiki, rashin adalci, da kuma sa mutum abin da ya saɓa wa abin da ya yarda da shi. Ina zargin rashin adalci a naka sashen. Da aka raba kayan waɗanda suka tafi, da wuya a ce an raba daidai. Wani yana ganin shi ake bari da dare, wani kullum yana da uzuri. A nan ne maganar takardarka ta dawo. Yana yiwuwa a cikin taran akwai mutum ɗaya da ya laɓe a bayan gajiyar sauran, kuma sun san shi sarai, suna kallo su ga ko kai ma ka sani. Ƙyale shi yana gajiyar da su fiye da awa biyun dare. Amma ba za ka iya tantance shi yanzu ba, don a halin da ake ciki mai gajiya da malalaci kamarsu ɗaya. Ka rage kayan, ka ba da wata ɗaya ko biyu. Masu gajiya za su farfaɗo. Wanda bai motsa ba, ka zauna da shi, in ta kama ka buɗe aljihun teburin.

Wani abu kuma, ka san iyakarka. Kai shugaba ne, ba likita ba. Gajiyar da ba ta jin hutu tana iya zama ƙarancin jini, ko ciwon suga, ko ciwon damuwa, ko wata matsala a gida da ba ta shafe ka ba. In wani ya ce maka ba ya iya barci ko ya samu dama, ko ba abin da ke masa daɗi har a wajen aiki, ko ya yi maganar da ke nuna ya gaji da rayuwar ma, kada ka tsaya ba shi haƙuri. Ka nuna masa hanyar asibiti, ka ba shi lokacin zuwa, ka kuma riƙe sirrinsa. Abin ba wasa ba ne: ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ce aikin awa 55 zuwa sama a mako yana da alaƙa da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da na mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, in aka gwada da masu awa 35 zuwa 40. Sun danganta mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016 da dogon aiki.

Wannan adadin ba don su kaɗai na kawo shi ba. Wasiƙarka ta shigo mini ƙarfe 1:47 na dare. Ka lissafa mini alamomin mutum tara, ba ka ce komai a kan na goman ba, wanda ya fi kowa daɗewa a ofis wata takwas. Mutumin da ya huta, in ya ga amintacciyar ma'aikaciyarsa ta yi kuskure sau biyu, abin da zai fara zuwa masa shi ne ko lafiya. Kai raini ne ya fara zuwa maka, kuma ban ɗauka halinka ne ba, tunda ga shi hannunka ya ƙi miƙa takardar. Gajiya tana ƙuntata zuciya, ta sa mutum ya ga ƙiyayya a fuskar da babu komai a cikinta sai barci. Saboda haka a jadawalin hutun da za ka tsara, ka sa sunanka na biyu, bayan nata, ka kuma zaɓi wanda zai riƙe maka sashen, ka bar shi ya riƙe da gaske.

Ka fara da ita ranar Litinin, kafin ka ga oga, don abin da za ta gaya maka shi ne rabin takardar da za ka kai masa. Bayan mako shida ka sake rubuto mini in ji ko an fara yi maka gardama a taro.